Sassaucin Ra'ayi Kamar Yadda Muka Gan Shi a Kalgo

Mu da muka shiga firamare a Kalgo a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta soma shirin ilimi kyauta na UPE, mun ɗanɗani aƙidar sassaucin ra'ayi tun kafin mu ji sunanta. Ɗan manomi da ɗan mai unguwa tabarma ɗaya suke zama, ba a tambayi uban kowa ko sisi ba. Sai da muka girma muka gane wannan reshe ne guda na aƙidar, wanda ke cewa 'yancin mutum bai cika ba sai gwamnati ta ba shi ilimi da magani. Kan wannan tunani Ingila ta gina asibitocin kyauta bayan rahoton Beveridge na 1942.

Reshe na biyu ya iso mana a 1986, lokacin Babangida, da sunan shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Tushensa tun daga Adam Smith ne a 1776, Thatcher da Reagan suka farfaɗo da shi: gwamnati ta janye hannu, kasuwa ta yi halinta. Aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, manomi ya sami damar sayar wa wanda ya ga dama. Amma darajar naira ta faɗi, taki ya fara fin ƙarfin talaka, albashin malamanmu ya daina kai su ƙarshen wata.

Akwai kuma reshe na uku, wanda tsofaffinmu suka fi ba mu labarinsa da daddare: 'yancin faɗin albarkacin baki da zaɓen shugaba. Suna tuna 'yan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, da irin ɗaurin da suka sha a hannun En'e don kawai sun yi taro.

Tun daga nan gwamnatoci suke kai-komo tsakanin rassan nan. A 2015 Buhari ya ƙaddamar da bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi, a 2023 Tinubu ya cire tallafin man fetur, manomin fadama ya ji a jikinsa wajen kunna injin ban-ruwa.

Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, 'yancin kasuwa mai jari yake fara yi wa rana. Talakan Kalgo kuwa sai an haɗa masa da makaranta, asibiti da ƙuri'ar da ake ƙirgawa.