Jirgin da ke cin ɗan'uwansa

1/ Jama'a, bari in ba ku labarin abin da ya same ni a hutun nan. Injin matse raken Baba ya tsaya a Makarfi ana tsakiyar dafa mazarƙwaila. Haƙoran giyarsa ne suka karye. Ga rake an sare an jibge, kuma kun san in ya daɗe a ƙasa tsami yake yi.

2/ Baba ya miƙo min ƙarfen ya ce, "Kai mai karatun injiniya, ga ranarka." Na zaga Sabon Garin Zariya, babu. Na wuce Panteka a Kaduna, kowa ya juya shi sai ya ce an daina yin irinsa.

3/ Ina zaune na yi jugum, wani dattijo a shagon ya tambaye ni lafiya. Ashe tsohon makaniken sojan sama ne. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai naka injin rake ne. Mu jirgin yaƙi muka yi wa wannan wahalar."

4/ Alpha Jet yake nufi. Faransa da Jamus suka haɗu suka ƙera shi, Najeriya ta sayi 24 a farkon shekarun 1980. Ya yi aikin ECOMOG a Laberiya, ya yaƙi Boko Haram. Amma tun 1991 aka daina ƙera shi.

5/ Na ce to Baba, ina kuke samun kayan gyara? Ya ce a jikin ɗan'uwansa. A kwance na wanda ya kwanta, a ɗaura wa mai sauran numfashi. Ɗaya ya tashi, ɗayan ya zama kwarangwal.

6/ Na ce me zai hana a ƙera a nan? Ya ce ƙarfen jirgi da takardarsa yake yawo: inda aka yi shi, da awa nawa ya yi a sama. In ba takarda ba ya hawa jirgi. Injinku in ya tsaya asara ce, jirgi in ya tsaya a sama gawa ce.

7/ Ko a 2015 da aka so ƙari, kwance aka sayo guda huɗu daga Amurka.

8/ Ƙarshe ni ma hakan na yi. A Kudan na samu mataccen inji irin namu, na sayi giyarsa. Injin ya tashi, amma kusan rabin raken ya riga ya lalace.

9/ Da dare Baba ya ce, "In wannan ma ta karye fa?" Wallahi shiru na yi. Karyayyar na taho da ita makaranta, na auna ta, na zana. So nake kafin a sake sarar rake in miƙa masa wadda aka ƙera da zanena. Ku sa ni a addu'a.