Iska a Ɗakin Inna: Kwanakin Bazara a Kuki

Asabar

Fankar ɗakin Inna ta gaza. In an kawo wuta sai ta yi ta gurnani, sai an sa sanda an tura mata fiffike kafin ta fara juyawa, shi ma da ƙyar. Ga Afrilu ta tsaya, kwanon rufi yana shan rana tun hantsi. A da, maganin wannan zafi tabarma ce a tsakar gida har asuba. Tun da tsaro ya taɓarɓare a yankin nan, daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi da Safana, mutane da yawa sun koma kwana a ɗaki, ƙofa a kulle, taga a rufe. Tsohuwa mai hawan jini ba za ta jure haka ba.

Lahadi

Mai gyaran wuta ya zo da safe, ya sauke ta. Ya ce kafasita ce ta mutu, ɗan baƙin abin nan da ke ba fanka ƙarfin tashi. Ya sa sabuwa, ta juya, amma da ƙara. Da ya buɗe cikinta sai ga boris a bushe, giris ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare, koyil kuma yana warin ƙuna. "Yaya," in ji shi, "wutar da ke zuwa ba ƙarfi ita ke cinye koyil. Mota na ja ba ta juyawa, sai ta yi zafi. Ana iya sake naɗa ta, amma ba zan ɗaukar maka alkawarin za ta kai damina ba."

Litinin

Na aro fankar tsaye na kai mata. Bayan isha'i na shiga, fanka na gudu, ɗakin kuwa kamar tanda. Da na leƙo waje sai na ji iska ta fara sanyi. Fanka ba ta sanyaya iska, motsa ta kawai take yi don gumi ya bushe a jiki. In iskar ɗakin mai zafi ce, ita ɗin za ta yi ta juyawa har gari ya waye.

Na tsaya na dubi ɗakin da kyau. Bulo ne na siminti, rufin kwano, silin ƙasa-ƙasa, taga ɗaya tak, ita ma rabinta an toshe da kwali tun sanyi. Soron kakanmu da ke bayan gida, mai katangar laka mai kauri da rufin azara, har yau ya fi ko'ina daɗin zama da azahar, don laka tana jinkirta shigar zafi, ga kuma 'yan ƙananan tagogi can sama inda iska mai zafi ke taruwa ta fice. Mun bar laka saboda wahalar yaɓe duk shekara da yoyon damina, kuma ban ga laifin kowa a nan ba. Abin da ke ci mini rai shi ne da muka koma kwano, wanda ya fi buƙatar mafitar iska, sai muka bar tagogin saman nan gaba ɗaya.

Talata

Mun auna ɗakin: ƙafa 12 kowane gefe. Shawara ta tsaya kan abu biyu, fankar sola mai kaɗawa, da wata ƙarama a jikin bango mai zuƙo iskar ciki ta watsar waje.

Laraba

Na je Dutsin-Ma sayayya. Shagunan kayan sola sun yawaita sosai a garin. Na zauna da biro na yi lissafi kafin na taɓa aljihu, don mai shago ya fi son ka ɗauki babba. Fankar sama irin tamu ta da tana cin wajen wat 70. Ta sola mai bolt 12 da na zaɓa wat 30 aka rubuta a jikinta, mai zuƙo iskar kuma 20. Haɗe 50 ke nan. Awa 10 na dare, 500. Batir mai lamba 100 yana ɗaukar kusan 1,200, amma irin na ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan zai kai su asuba, muddin samarin gida ba su mai da shi wurin cajin waya ba.

Alhamis

Magini ya zo fasa bango, Inna ta ce atafau. "Kai yanzu ɗakin nawa za ka huda? Ɓera da kunama fa?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, za a sa raga, kuma ko kan yaro ba zai shiga ba." Sai da Kawu ya sa baki ta yarda.

Magini ya zaɓi bangon yamma, dab da silin, yana fuskantar tagar. Dalilinsa kowane manomi ya san shi: hadari daga gabas yake bugowa. Duk da haka ya kafa ɗan kwano a waje ya zama rumfa. Ya cire kwalin taga, ya sa raga mai kyau. Ya ce fankar bango ba ta da amfani in ba inda sabuwar iska za ta shigo; sai dai ta yi ta kuka a banza.

Juma'a

Bayan masallaci hira ta kai mu ga sanƙarau, tunda lokacinsa ne. Har yanzu akwai masu cewa zafi ne kawai ke kawo shi. Ƙwayar cuta ce da ke bin tari da numfashi, busasshiyar iska da ƙura suna raunana maƙogwaro, cunkoso a rufaffen ɗaki kuma ya ba ta hanya. Ba mu manta 2017 ba, lokacin da nau'in C ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ya kashe mutum sama da 1,000. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi da ke ba da kariya daga nau'i biyar. Na gaya musu allura ita ce gaba, ba fankar da za ta maye gurbinta. Amma ɗakin da yara takwas ke kwana ba taga, ya kamata mai gidan ya kasa barci a kansa.

Asabar

An haɗa komai. Inna ce ta yi gwajin ba da niyya ba: ta sa turaren wuta a kasko, hayaƙin da ya saba tsayawa a ɗaki ya miƙe sama ya bi ramin ya fita. Mun tsara yadda za a riƙa yi. Da rana tsaka a rufe taga a kashe mai zuƙowa, don iskar waje ta fi ta ciki zafi. Daga magariba a buɗe, a kunna har safe.

Talata

Jiya iskar hadari ta taso da jar ƙura, ba ruwa. Yau fankar bango ta rage ƙarfi, ragar ta toshe, farantin sola ya yi futu-futu. Na kira ɗan yayata na nuna masa aikin, tunda shi ke gida kullum: a kashe kafin a taɓa, a goge raga da fiffike da busasshen buroshi, a wanke faranti da sassafe kafin ya yi zafi, a duba ruwan batir duk wata, kuma ruwan batir na shago za a ƙara, ban da na rijiya. Na kuma ja masa kunne kan janareta, kada a kuskura a ajiye shi kusa da tagar nan, don yanzu duk abin da ke bakinta ciki zai shiga, hayaƙinsa kuwa yana kisa cikin barci.

Matan gida sun ce saura madafa, inda bango ya yi baƙi ƙirin kuma idanunsu ke ruwa kullum. Can ba sai an sayi fanka ba. Magini ya duba ya ce rami biyu a sama da ɗan bututun kwano sun isa, zai zo ranar Alhamis.