Hoton Rubutu Ba Rubutu Ba Ne

Shekara biyu ke nan da muka buɗa wa makarantarmu ɗan shafi a intanet. Ni aka ɗora wa aikin, don ni ke da tsohuwar kwamfuta. Dalilinmu mai sauƙi ne: da yawa daga cikin iyayen ɗalibanmu ba su zaune a Magarya. Wasu na ƙauyukan wajen Dungas, wasu sun tafi cin rani Kano ko Agadas. Duk ƙarshen zango sai in ɗauki hoton takardar sakamako da muka liƙa a bango, in ɗora a shafin, in ce na gama.

Wata safiya wani dattijo ya shigo makarantar, jikarsa na riƙe da sandarsa. Tsohon malami ne, ya yi shekaru da alli a hannu kafin ciwon ido ya raba shi da gani. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Mushe, ka gina ɗaki mai kyau, amma ka manta ƙofa."

Ya fiddo wayarsa ya buɗe shafin namu. Wayar na magana: duk inda ya ɗora yatsa, murya ta karanta masa abin da ke wurin. Ta karanta sunan makaranta, ta karanta kwanan wata. Da ya iso kan sakamakon, sai ta faɗi kalma ɗaya da Faransanci, ma'anarta "hoto", ta yi shiru. Sunaye sittin da makinsu, duka sun koma kalma ɗaya.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne abin da ya biyo baya. A ranar da na ɗora hoton, dole ya miƙa wayar ga wani yaron maƙwabta. Yaron ya karanta da ƙarfi a bakin zaure cewa yarinyar ta faɗi a lissafi. Kafin kakanta ya samu ya yi mata magana a asirce, unguwa ta sani. "Baba, laifina ne," na ce. Ya ce bai zo neman mai laifi ba, gyara ya zo nema.

Shi ya koya mini abin da ban koya ba a makarantar horon malamai. Manhajar da ke karanta masa ana kiran ta TalkBack, tana cikin wayoyin Android. iPhone na da VoiceOver. Kwamfuta kuma na da NVDA, wadda makafi biyu ƴan Ostareliya suka ƙirƙiro, kyauta ake samun ta. Haruffan da aka buga su ne abincinsu. Takardar da aka rubuta da hannu aka ɗauka hoto a duhun aji kuwa, bango ce a gabansu.

Da na bincika, na tarar duniya ta daɗe da tsara wannan. Ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin da ake kira WCAG tun 1999. Ƙasarmu Nijar kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, wadda sashenta na 9 ya ambaci samun bayanai ta intanet. Ashe haƙƙi na tauye, ni da nake ganin alfarma nake yi.

Gyaran bai ci mini ko dala ba. Na daina ɗora hoton takarda. Ina buga sunaye da maki da hannuna, layi-layi. Duk hoton da na sa, ina rubuta masa bayani a gurbin da aka tanada: "Ɗaliban aji shida suna dasa bedi a bakin katanga." Na cire ado na rubutun ruwan lemo a kan kore, bayan wata ɗalibarmu zabiya ta ce mini hawaye yake sa ta, yanzu baƙi ne a kan fari. Bidiyon taron iyaye na rubuta abin da aka faɗa a ƙarƙashinsa, saboda kurame. Tunda kuma muryar wayar Faransanci take ji, tana karya sunayenmu na Hausa, sai na riƙa haɗa kowace sanarwa da saƙon murya da bakina.

Sai ga amfanin ya wuce inda na nufa. Rubutu na buɗewa ko rezo ya yi rauni, ba ya cin kuɗin da hoto ke ci. Iyaye mata da ba su yi lakwal ba sun fi kowa sauraron saƙon muryar.

Ƴan'uwana malamai, da iyayen da ke kwamitin makaranta, ku gwada wannan ko sau ɗaya. Ku shiga saitin waya ku kunna TalkBack, amma ku sani in tana kunne sai an taɓa abu sau biyu yake buɗewa. Ku rufe ido, ku nemi sunan ɗanku a sanarwar da makarantarku ta aiko. Ni na yi minti goma ban same shi ba.

A zangon da ya wuce dattijon ya kira ni da daddare. Shi da kansa ya karanta mini makin jikarsa: 11 cikin 20 a lissafi. Sannan ya shiga yi mini faɗa, wai har yanzu ba mu koya wa yara rabawa yadda ya kamata. Na saurare shi har kuɗin wayarsa suka ƙare.