Tsofaffin Peugeot a hanyar iyakar Benin

Da zarar ka bar garin Bagudo ka haye gadar Tuga, Kwara na malala a ƙarƙashinka, fadamun shinkafa hagu da dama, to ka kama hanyar Jamhuriyar Benin ke nan. Ka'oje na gaba, sai Illo da Lolo inda ake tsallakawa a nufi babbar kasuwar Malanville, sai kuma Tsamiya mai fuskantar Segbana. Ranar kasuwa za ka ji Hausa da Fulatanci da Dandanci da Busanci a tasha guda, ka ga naira da sefa suna fitowa daga aljihu guda. Ni dai motoci ne suka fi ɗaukar hankalina a ziyarar da na kai can.

Babura ne suka mamaye hanya, sai ƙananan Golf da manyan motocin kaya. Amma jefi-jefi sai ka hango tsohuwar Peugeot 504 ta taso cikin ƙura, gabanta a sunkuye, bayanta a ɗage sama kamar fara za ta yi tsalle. Baƙo zai ɗauka lalacewa ce ta karkatar da ita, alhali da gangan aka yi mata haka. Bari a ɗora mata buhunan shinkafa da albasa, a cika ta da fasinja, a ɗaure kaya a sama, sai ka ga ta daidaita ta zauna daram a kan tayoyinta.

Motar nan tana da tarihi a ƙasarmu. A 1968 ta fara fitowa a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai, sannan a 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita. A wannan shekarar ce masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma ba a daina fitar da 504 a can ba sai tsakiyar shekarun 2000. A zamaninta ita ce motar gwamna da kwamishina, ita ce motar alhaji, ita ce kuma tasin da ta kai ɗalibai Zariya da Sakkwato. Da birni ya gaji da ita, sai ta gangaro bakin iyaka ta sami waɗanda suka san darajarta.

Na daɗe a wani gareji a gefen hanya, rumfar kwano ce kawai da inuwar dogon yaro, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai. An ɗaga wata doguwar 504 mai layin kujeru uku a kan jak da guntayen katako. Maigidan, wanda furfura ta fara cin gemunsa, yana kwance a ƙarƙashi yana miƙo hannu, yaronsa na saka masa sifana ba tare da an faɗi lambarta ba. Ya nuna mini dalilin da ya sa direbobi ke ƙaunar doguwar: tun daga masana'anta sifirin huɗu ne a bayanta, biyu kowane gefe, farfela kuma a cikin bututun ƙarfe take, dutse ba ya samunta. Abin da shi yake yi shi ne ya ƙara a kan wannan gado. Ya sa sifirin da ya fi kauri, ya canza shokozoba, mai walda ya bi duk inda tsatsa ta ci ya lafta sabon ƙarfe. Lagireto ya koma babba saboda zafin bazara. Injin lita 2 ne mai silinda huɗu, an sauke shi an sa sabon ringi, an wanke kabireta da fetur a cikin gwangwanin tumatir.

Da aka tayar da ita, bai kalli komai ba. Ya karkata kai, ya ɗora tafin hannu a kan bodi, ya yi shiru.

"Maigida, ta yi?" in ji yaron.

"Da saura. Rage mata iska kaɗan."

Yaron ya murɗa wani ɗan noti da sukundireba, ƙarar injin ta sauka ta zama ɗaya, ba tsalle ba tari. Wannan kunne shekaru ne suka gina shi, kuma ba kwamfutar da ta taya shi.

A Amurka akwai masu irin wannan ƙauna. Su nasu motocin shekarun 1960 ne masu injin silinda takwas, irin su Pontiac GTO da Ford Mustang da suka fito a 1964, da Dodge Charger. Mutum zai tono gawar mota daga rumbun gona, ya kwashe shekaru yana gina ta yadda ransa ke so, sabon inji, sabon fenti, ya kai ta baje koli ko gwanjo a saye ta da kuɗin da ya fi na sabuwa. Na yarda abin da ke jan su shi ne ke jan dattijon nan: mota ce da hannu ke iya buɗewa, ido ya ga komai, mai ita ya bar alamarsa a jikinta. Sai dai a nan ba a auna ƙarfinta da gudu a kan kwalta. Ana auna shi da yashi da laka, da ramukan da damina ke bari, da buhu nawa ta ɗauka ta dawo gida da ƙafarta. Ado ma ba a bar shi a baya ba. Za ka ga geza a gaban gilashi, carbi a rataye, sitiyari an naɗe shi da fata, an rubuta addu'a a baya da fenti ja.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba. Irin wannan gyara ya yi suna a harkar fasa-ƙwauri a iyakokin ƙasar nan, musamman shinkafa da fetur, kuma rufe iyakoki da gwamnatin Buhari ta yi a Agustan 2019 ya sa duk motar da bayanta ke sama ta zama abar zargi, har da ta talakan da albasa kawai yake kaiwa kasuwa. Abin da ya fi damuna shi ne birki. Ana ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya, amma sau da yawa birkin yana nan yadda masana'anta ta yi shi, tayoyi kuma na hannu ne da suka sha jiki. Mata da yara ne ke zaune a kujerar baya. Mai fasahar da ya iya ɗaga mota, ya iya gyara tsayuwarta ma, in direba ya yarda ya biya.

Kayan gyara na asali suna ta ƙaranci. A bayan garejin akwai gangar jikin 504 da aka yashe, an cire ƙofofi da giyabos da fitilu don a rayar da 'yan uwanta. Direbobi matasa sun fi son Golf ta Kwatano don ba ta shan mai sosai, tun ba bayan da aka janye tallafin fetur a 2023 ba. Yaron garejin ma ya gaya mini da yamma wurin wani mai gyaran babur yake zuwa, domin a can aiki ya fi yawa.