A-kori-kura da Injekta

Mu malaman ƙauyukan Kiru da Bebeji, a-kori-kura ce dokinmu, musamman tsohuwar Peugeot haɗin Kaduna. A da, idan injin ɗan Kwatano ya zo da injekta, cire ta makanikai ke yi su ɗaura kafireta, don ita kowa ya san ciwonta. To, tun da aka janye tallafin fetur a 2023 sai labari ya sha bamban. Yanzu wasu direbobi Ƙofar Ruwa suke nufa, su sayo injekta da famfon lantarki da ƴar ƙwaƙwalwar da ke auna iska ta fesa mai daidai cikin cokali. Ba mu ga laifinsu ba, kafireta akwai zarin mai.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne hanya. Kafireta in ta toshe, direba ya kwance ta, ya hura da baki, a wuce. Ita kuwa ƙwaƙwalwa sai an kai ta birni an jona mata na'ura. A gefen dajin Ɗansoshiya kuwa, bayan magariba, da mata da buhunan masara a baya, babu mai wannan na'ura.