Zuwa ga Aminiyata, a kan Maganar Kware

Runjin Sambo, Sakkwato

Aminiyata,

Yaya sanyin Kaduna? Mu nan hazo ya sauka sosai, kowa sai tari yake.

Saƙonki ya iso, kuma na je Mabera na dubo Auta kamar yadda kika roƙa. Jaririnta lafiyarsa lau, ya yi ɓulɓul. Ita ce dai hankalina bai kwanta da ita ba. Na same ta a bakin gado, ɗankwali ya zame ba ta gyara ba, kunu ya huce a gabanta har ya yi fata. Yaron ya yi kuka, sai da Inna ta ɗauke shi ta ɗora mata a cinya. Da muka keɓe ta ce min ko ya yi barci ita ba ta iya runtsawa, kuma kullum zuciyarta na faɗa mata ita ba uwar kirki ba ce. Ga shi an yi arba'in tun watan jiya.

Gidan ya rabu biyu. Inna da uwar mijin sun ce iska ce ta shafe ta a wurin wankan jego, har an fara ruƙiyya. Mijin yana son asibiti, amma yana tsoron a ce matarsa ta je Kware. Kin san garin nan, da an ambaci Kware abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne mai tsince-tsince a bola. Alhali yawancin masu zuwa asibitin ƙwaƙwalwar nan na Gwamnatin Tarayya da ke hanyar Illela da ƙafarsu suke zuwa, su yanki kati, su ga likita, su koma gida a ranar. In ma sunan ne ke yi masa nauyi, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa a nan cikin gari.

Abin da nake gani a tare da Auta ya fi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ke kama fiye da mace ɗaya cikin goma, ko da yake likita ne zai tabbatar, kuma zai so ya duba jininta, don ƙarancin jini ma yana kawo irin wannan mutuwar jiki. Abin da nake so ki fahimtar da Inna shi ne ciwon ƙwaƙwalwa iri-iri ne, maganinsa ma iri-iri ne, kuma wani babban sashe na maganin zama ne a yi magana.

Na san za ki ce ai mu ma muna yi mata magana. Muna yi, amma me muke cewa? Ki yi haƙuri, ki gode wa Allah, wata ma neman haihuwar take. Duk gaskiya ne, sai dai mai wannan ciwo tana jin haka sai ta ƙara ganin kanta butulu. Maganar da masanin halayyar ɗan Adam yake yi daban take. Wadda ta fi shahara cikin hanyoyinsu ita ce wadda likita Aaron Beck ya tsara a Amurka a shekarun 1960, ana kiranta CBT. Idan Auta ta ce ita ba uwar kirki ba ce, ba za a ƙaryata ta ba. Za a tambaye ta, daren jiya da yaron ya farka wa ya ba shi nono? Ranar rigakafi wa ya tuna? Da ƙawarki ce take cikin wannan hali, haka za ki kira ta? A hankali sai ta koyi kama tunanin nan yana shigowa, ta auna shi kafin ta yarda da shi. Sannan a ba ta ɗan aikin da za ta yi a gida kafin zama na gaba: gobe da hantsi ki fito tsakar gida ki sha rana, jibi ki yi wa yaron wanka da kanki, ranar Juma'a ki leƙa maƙwabta. Ba a jira sai ranta ya so, domin a wannan ciwo sai an motsa tukuna son yake dawowa. Zaman yakan zama sau ɗaya a mako, na 'yan watanni.

Mai waswasin alwala, wanda ke kwashe awa guda a bakin famfo, shi kuma koya masa ake ya yi alwala sau ɗaya ya tashi, ya daure wa fargabar har ta sauka da kanta. Malamanmu ma abin da suke cewa ke nan, kada a biye wa waswasi. Akwai kuma irin zaman da aka keɓe don masu firgici bayan tashin hankali, kuma duk lokacin da na ga matan da suka gudo daga Isa da Sabon Birni sai in tuna da shi, don wasunsu ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa jikinsu rawa. Ga Auta kuwa, wanda nake ganin bai kamata a tsallake ba shi ne zama da iyali, a kira mijin da uwarsa a yi musu bayani, a raba aikin dare don ta samu barci.

Kada ki ɗauka duk wannan baƙon abu ne a wurinmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin ciki mai sanadin da aka sani da wanda ke sauka haka kawai, ya nuna na biyun yana bukatar maganin jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani a garin nan. Don haka ban ga dalilin da za a ce Inna ta zaɓa tsakanin addu'a da asibiti ba. A ci gaba da tofi da karatu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne duka da sunan fitar da aljani, ko turara mata hayaƙi har ta shiɗe, ko mari a ƙafa. Kin fi ni sanin abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, ɗaruruwan mutane a kulle, wasu da sarƙa, kuma iyayensu ne suka kai su da hannunsu don neman gyara.

Sai batun ƙwaya, wanda na san shi ne tsoronki. Idan ciwon ya yi nauyi, magana kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da magani. Akwai waɗanda mai shayarwa za ta iya sha, likita ne zai zaɓa. Ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga haske. Kuma ko ta warware ana so ta ci gaba da sha aƙalla wata shida, sannan a janye a hankali. A nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa. Da an ga mara lafiya ta fara dariya sai a ce ta warke, a ajiye magani, bayan wata biyu ciwo ya dawo a ce asibiti bai iya ba. Maganin damuwa ba ya bugarwa irin na tiramol ko kodin.

Wanda kike gani yana sa mutum ya sandare yana dalalar da miyau, wannan na wani ciwon ne, na masu jin muryoyi ko ganin abin da babu. Tun 1952 ake amfani da irinsa, wasu ma allura ake yi musu wata-wata. Sandarewar alama ce a koma wurin likita ya rage ko ya canza. Jona lantarki a kai da ake tsorata mutane da shi kuwa, ana yinsa ne ga wanda ciwo ya kai shi ƙin ci da sha ko makamancin haka, kuma ƙa'idarsa sai an sa mutum barci tukuna. Auta ba ta kusa da nan.

Matsalarmu ita ce ƙarancin masu wannan aikin na magana. Likita na da layin mutane a ƙofa, ba shi da awa guda da zai ba kowa, don haka ƙwaya ta fi saurin samuwa. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari mutum zama shida, su taimake shi ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna abin yana aiki. Garin da Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata ba zai rasa irin waɗannan matan ba, ga ungozomomi, ga malaman Islamiyya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Saura mu gani a ƙasa.

Na gaya wa mijin, ke ma ina gaya miki: in ta ambaci mutuwa ta fi mata, ko cutar da yaron, ko ta fara jin muryoyi, ko ta kwana biyu ba ta runtsa ba tana surutai, a ranar za a kai ta, ko da tsakar dare ne, kuma kada a bar ta ita kaɗai. In ba haka ba, mun shirya ranar Litinin zan raka su asibitin koyarwa, Inna ta riƙe yaron a mota. Ki kira Inna kafin ranar, ta fi jin maganarki. In kin kira Auta kuma, kada ki yi mata wa'azi, ki tambaye ta yadda ta kwana ki saurara.

Ki gaishe min da maigidan, ki shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Aminiyarki