Rugugin Wufa da Haƙƙin Maƙwabci: Yadda Na Gyara Ɗakin Kallona a Mubi

Yau hirar tamu a kan sauti ce, musamman rugugin nan na wufa da ake ji har cikin ƙirji. Wanda ya zauna Mubi ya san cewa tun bayan bam ɗin da ya tashi a Kabang ranar 1 ga Yuni 2014 ya hallaka masu kallon ƙwallo, sannan Boko Haram suka kama garin a watan Oktoba na shekarar, da yawa cikinmu da muka dawo gida sai muka ja baya daga cunkoson gidajen kallo. Mai hali ya sayi talabijin da wufa da sifikoki, ya tara yaransa a gabansa. Ni ma haka na yi.

A Amurka ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke warewa don kallo. Mu nan ba mu cika gina irinsa ba, amma gidana yana kan gangare, kuma akwai tsohon sito da ake sauka matakala uku kafin a shige shi: tsawonsa mita 4, bangon bulo, ƙasa siminti. Ranar da aka fara kunna fim a ciki, maganar 'yan wasa sai ta cakuɗe da amsa-kuwwa. Wanda ya jingina da bango rugugi kamar zai fasa masa kai, na tsakiyar ɗaki kuwa yana cewa a ƙara.

Ga dalili, mai karatu. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Sauti mai kauri da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, zangonsa guda ya kusa mita 7, wato ya fi ɗakin tsawo. Idan ya daki bango ya dawo sai ya haɗu da mai tahowa: a wani wurin su taru su yi ƙarfi, a wani wurin su kashe juna. A ɗaki mai mita 4, sautin da ke kaɗawa kusan sau 43 shi ne ke taruwa a jikin bango ya ɓace a tsakiya. A kusurwa kuwa abin ya fi muni, domin nan bango biyu suka haɗu da ƙasa. Ashe ba wufar ce mai laifi ba, ɗakin ne.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. A 1895 aka ba wani malamin kimiyya a Jami'ar Harvard, Wallace Sabine, aikin gyara wani zauren lacca da ba a jin abin da malami ke faɗa. Da dare yakan ɗebo matasan kujeru daga wani zauren, yana ƙarawa yana auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Da lissafin da ya samo aka tsara babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Abin da ya gano a taƙaice: fili mai tauri da santsi yana mayar da sauti, mai laushi yana shanye shi.

To, abin da na yi bai ci kuɗi mai yawa ba. Na farko, na ɗora wufar a kan kujerar da nake zama, na kunna, na bi gefen ɗakin a tsugune ina saurare. Inda na ji rugugin ya fito daidai, ba kumburi ba rami, nan na ajiye ta. Yara sun sha dariya, amma aiki ya yi. Na biyu, na janye kujeru daga jikin bango, ban kuma kai su tsakiyar ɗaki ba. Na uku, na shimfiɗa darduma mai kauri, na rataya labule mai nauyi ta ɓangarori biyu, nan take magana ta fito tas. Na huɗu, kusurwoyi: na sa mai katifa ya cusa mini buhunan auduga, aka jera su daga ƙasa har silin, aka lulluɓe da yadi. Rugugi ba ya jin siririn abu, sai mai kauri da zurfi.

Kada wani ya ruɗe ku da kiret ɗin ƙwai. Ba ya taɓuka komai a kan rugugi, sai dai ya tara kyankyasai. Siririn soso ma saman sauti kawai yake kamawa, ga shi makamashi ne. A 2003 gobara ta kama soson da aka manna a bangon wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka, mutum 100 suka mutu. Auduga ma tana ci da wuta, don haka a nisanta ta da soket da wayar janareta, a ɗaki mai ƙofa ɗaya balle.

Sai babbar magana. Gyaran cikin ɗaki daban, hana sauti fita daban. Darduma da labule ba sa tare rugugi. Yana bin siminti da bulo ya ratsa katanga. Abin da ke tare shi nauyi ne, shi ya sa soron ƙasa irin na kakanninmu a Katsina, mai bango kamu biyu, ya fi ginin bulo riƙe sirrin ɗaki. Na ɗora wufar a kan roba mai kauri, na toshe ƙasan ƙofa, sannan na je wurin maƙwabcina, dattijo Bafali wanda kakanninsa aka binne a ƙasar nan. Na ce, “Baba, zan kunna, in ka ji a ɗakinka ka aiko yaro.” Sau biyu yaron ya zo. Inda ya daina zuwa, nan na ɗiga wa makunnin farin fenti, kuma bayan sallar isha'i ba mai wuce wannan ɗigo.

Mu da kasuwar shanu da fatauci suka kawo iyayenmu garin nan, muna zaune tsakanin Fali da Gude da Fulani da Margi, kyawun zama shi ne jarinmu. Ba a sayar da shi don fim ɗin awa biyu. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah Ya bar mu da maƙwabtanmu lafiya, amin. Sai mun sake haɗuwa.